Garmahon Garga da Muryar Maigidana

Briqueterie, Yawunde
Mayu, 1977

Zuwa ga maigidana, farin cikin raina, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take. Zuwa ga ruwan farkon damina, zumar da ba ta ginsa, mai muryar da ke kwantar min da hankali ko da tukunya na ƙonewa a murhu. Zuwa ga ɗan halak mai fushin da ba ya kwana, sai fa wannan karon da ya kwana, ya tashi, ya kama ɗakin haya a Duwala. Assalamu alaikum. Gaisuwa da so da bege daga matarka Hansai, wadda kewarka ta ramar, ko da yake Hajja mahaifiyarka ta ce ita ba ta ga ramar ba, wai kumatuna ma ƙaruwa suka yi. Kada ka saurare ta, tuwonta take karewa.

Saƙonka ya iso ta bakin Gali direba. Wai in haɗa kayana in biyo ka, wai kai da unguwarmu ta Birik kun rabu har abada, tunda unguwar da ta haife ka ta yi wa faifanka dariya. To ga amsa tun ba ka gaji da karatu ba: ko ɗankwali ɗaya ban sa a akwati ba, ba kuwa zan sa ba. Kai nake so ka dawo. Gali bai yi maka ƙarya ba, an yi dariya, da kunnena na ji ta, har wani ya faɗo daga benci. Amma Gali farkon biki ya gani ya tada mota. Ka ba ni aron hankalinka, abin ƙaunata, in ba ka ragowar, in ya so ka yi fushin da hujja.

Kafin nan bari in tuna maka abin da na ga alama iskar teku ta fara goge maka. Ka tuna unguwar Ekudu, bayan gidan Goggona, gindin mangwaron nan marowaci da ba ya ba da komai sai ganye? Ka tuna yadda kake zuwa zance bayan la'asar da jita a naɗe cikin ragowar atamfa, kana tafe kana waige-waige kamar wanda ya saci akuya? Lokacin mahaifinka, Baba Alhaji, ya riga ya rantse da Allah a gaban mutane cewa muddin yana numfashi wannan abu ba zai ƙetare zaurensa ba, don gidansa gidan fatake ne, tun kakanni yadi ake aunawa, ba a taɓa haifar maroƙi a ciki ba. Shi ya sa kake cusa hankicina a ƙarƙashin tsirkiyoyin, ka sunkuyar da kai, ka rera ƙasa-ƙasa, yadda sai na matso, na ƙara matsowa, har Goggo ta yi gyaran murya daga cikin gida. Wayyo ni Hansai, a nan aka gama da ni! Samari nawa ne suka zo da agogo da keke da baki kamar ganga? Amma wanda ya yi magana a hankali shi ya tafi da ni, don sai na yi shiru nake jin sa, ni kuwa ka san shiru ba sana'ata ba ce.

Ranar da za ka tafi Duwala a ɗauki waƙoƙin nan a situdiyo, ka ce min in unguwa ta karɓa za ka dawo ka durƙusa gaban Baba ko zai sassauta, in kuwa ta yi dariya ba za ka ƙara masa kunya da ganin fuskarka ba. Na ce to, hankalina kwance. Ni da na san muryarka, ina zan kawo dariya a raina?

Sai ga Gali ya sauke faifan farko. Kai, ka ga Birik ranar! Ga abu faffaɗa ya kai marfin tukunyar biki, ga hotonka a kwali ka tara gashi kamar wanzamai sun ƙare a duniya, ga suna an rubuta, Bayan La'asar, a ƙarƙashi kuma naka sunan, wanda bakina bai taɓa kamawa ba saboda kunya, amma ranar yana bakin kowane mai tsire. A layinmu kaf mutum ɗaya ke da garmaho, wato Garga tela, mutumin Garwa, wanda shagonsa ke kallon na Baba Alhaji. Ya fito da shi kan benci, ya zuba sababbin batura, ya hure allura yana wani ɗaga kafaɗa. Masu tsire suka bar nama a wuta, masu wankin hula suka bar kumfa, mahautan da suka dawo daga mayankar Etudi ko wanka ba su tsaya yi ba. Mu mata muna cikin gida mun lafe da katanga, har da Hajja, wadda ta ce ita allurarta ce ta faɗi a wurin take nema.

Aka saki allura, sai ga wata yarinya ta fashe da waƙa. Murya siririya kamar ta ɗan tsako, tana gudu kamar an biyo ta da bulala, jita na bin ta a guje, ganga na tsalle a baya. Can wani ya tuntsire da dariya, shi ke nan layi ya ɗauka. Wasu suka ce ruwan Duwala ne ke sirantar da maƙogwaro, wasu suka ce hotonka kawai ka bayar, waƙar ta wata ce. Baba Alhaji, in ji Garga, ya saurara daga shagonsa, ya shafa gemu, ya yi hamdala, ya ce kowa ya shaida wannan dai ba ɗansa ba ne. Wannan dariyar ce Gali ya loda a motarsa da sassafe ya kai maka da zafinta.

Ni ban yi dariya ba, hasken idona. Ni tafasa na yi. Kalmomin naka ne, na san su kamar yunwar cikina, waƙar da ka yi min ce ni kaɗai a gindin mangwaro, ga ta a bakin wata 'yar Duwala tana watsa ta a titi! Allah ya isa dai ban yi maka ba, amma ta zo har bakin haƙorina ta koma. Na kwana na tashi ina zana yarinyar nan a raina: doguwa, mai gashin kanti da takalmi mai tsini, tana taunar cingam tana jingina da kafaɗarka. Har wushirya na yi mata, don in ƙara jin haushinta. Na tsane ta son raina, na daka sakwara da sunanta, Hajja ta ce ba ta taɓa cin mai laushin ta ranar ba.

Da abin ya ishe ni sai na roƙi Jaratu matar Garga ta ɗauko min garmahon da hantsi, bayan maza sun fita, don in ji ɓarauniyar waƙata da kyau. Muka ajiye shi kan tabarma a tsakar gida. Yarinya ta fara tsiwarta. Da ta kai inda kake cewa in na yi shiru za ka faɗa min wata magana, haƙurina ya ƙare, na kai ɗan yatsa na danne gefen faifan don in rufe mata baki. Faifan bai tsaya ba. Gudu ya rage, yana jan ƙafa a ƙarƙashin yatsana, muryar ta fara saukowa, tana kauri, tana nutsuwa, tana saukowa, sai ga ka. Kai da kanka, da 'yar dishewar nan taka ta ƙarshen baiti, da numfashin da kake ja kafin ka shiga amshi. Na ɗaga yatsa, yarinya ta dawo. Na mayar, ka dawo. Ya rabin raina, wace mace aka taɓa ba wa irin wannan iko, ta kira mijinta daga bakin teku da ɗan yatsa ɗaya? Na yi kuka, na yi dariya, Jaratu na ta salati tana cewa a yi tofi. Hajja ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta tsaya, ta ce ɗanta ne, ta zauna a ƙasa nan inda take.

Jaratu ce ta hango wani ɗan ƙarfe a gefen garmahon, ga lambobin saurin juyawa guda biyu a kusa da shi, trente-trois da quarante-cinq, wato talatin da uku da arba'in da biyar. Ashe tun da Garga ya sayi abin a gwanjon kasuwar Mokolo a kan quarante-cinq ya same shi, fayafayansa kuwa duk ƙanana ne, masu waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, waɗanda ke son gudu. Bai taɓa sanin ƙarfen yana motsi ba. Har tsatsa ta kama shi, sai da muka ɗiga masa man keken ɗinki kafin ya yarda. Naka faifan babba ne, tafiyar manya yake so. An ma rubuta a tsakiyarsa ɓaro-ɓaro, amma wa ya tsaya karatu ranar? Kowa gashinka yake kallo.

Kada ka zaci da aka gyara kowa ya miƙa wuya, ka san mutanenka. Da yamma Garga ya sake fitowa da garmahon, kunya ta ishe shi, ya sa faifan a kan daidai. Ka fara rerawa a hankali, jita na sauka ɗaya-ɗaya, sai rabin layi suka ce batir ya mutu. Aka aika aka sayo sababbi, aka zuba, kana nan dai a hankalinka. Ɗanmalam mai tsire ya ce shi in ya bi wannan kiɗa wajen juya nama, gawayi zai sayar wa mutane. Alhazan kasuwa kuma suka saurara gaba da baya suna jiran inda za ka kama sunan wani ka yi masa kirari, ka ambaci motocinsa da zuwansa Makka. Da faifai ya ƙare ba a kira kowa ba, sai suka dubi juna suna tambaya, wai to wa aka yi wa waƙar? Saura kaɗan in leƙa ta kan katanga in ce ga ni.

Yanzu haka Birik ta rabu biyu, 'yan trente-trois da 'yan quarante-cinq. Ƙasar da jam'iyya ɗaya ce tak, kai ka zauna a Duwala ka kafa mana biyu, Allah dai ya sa maganar kada ta wuce layinmu. 'Yan quarante-cinq su ne 'yan mata da masu biki. A bikin ƙanwar Jaratu a unguwar Madagaskar da yarinyar nan aka cashe har aka kira magariba, ni ma na ɗan taka, don na yafe mata tun da na gane mijina ce. 'Yan trente-trois kuwa kullum ƙaruwa suke. Teloli sun ce da kai ɗinki ya fi miƙewa. 'Yan lise, wato sakandare, masu yawo da littafi a hammata sun ce wannan shi ake kira slow, suna faɗa suna lumshe ido kamar su suka haife ka. Matan aure sun gano cewa tsifar kai da kitso ba sa zafi in kana rerawa, har Fanta mai kitso ta fara cewa sai an kawo garmaho za ta zo. Ranar Lahadi rediyo ta sa ka, a kan daidai, muryarka ta fito daga kowace taga tun daga masallaci har gangaren kasuwa. 'Yan quarante-cinq suka ce ai ga shi nan, injin gwamnati ma ya gaji.

Har jarida ta yi maganarka. Jaratu ta kawo min shafin, an riga an naɗe ƙosai da gefensa, na zauna da ɗan karatun bokon da na yi a lekol ina haɗa baƙi. Marubucin ya ce ka ɗauko kiɗan Turawa mai laushi ka koya masa Hausa, kuma kiɗan ya koya ba gargada. Ya yaba waƙar ruwan sama, ya yaba jitarka, ya ce faifai ne na mai son zama ya yi tunani. Sai dai ya ce waƙa ta huɗu ta yi tsawo, kuma kada ka ɓata rai, gwanina, gaskiyarsa; ni ma a nan nake tashi in duba miya. Inda ya ba ni dariya shi ne da ya ce wai sanyin muryarka daga mawaƙan ƙetaren teku ka koyo shi. Ni da kai mun san tsoron Baba Alhaji ne malaminka. Mai shagon fayafayai na Mokolo kuma ya aiko a gaya wa Garga cewa na farko sun ƙare, ya aika Duwala a ƙaro.

To ga unguwa cike da kai, ni kuwa ɗakina wayam. Wannan wane irin rabo ne? Kowa ya samu, mai abu na hamma! Damina ta sauka, tuddan Yawunde sun yi kore shar, jar laka ta hau zanen kowa, 'yan makaranta na ta buga ƙafa suna koyon fareti saboda Vingt Mai, bikin ƙasa na ashirin ga Mayu, ruwa na dukan kwano da la'asar daidai lokacin da ka saba shigowa kana karkaɗe hula kana tambaya me aka dafa. Sai in ari garmaho in sa ka, in ka ƙare in juya ka, in ka ƙare in sake juya ka, har Jaratu ta ce zan cinye mata allura. Amma faifai ba ya cin tuwona ya ce gishiri ya yi yawa. Faifai ba ya ɓatar da silifas ya ce ni na ɓoye. Ba ya yin shiru in na yi faɗa, ya bari sai na gaji sannan ya yi murmushin nan da ke sa in manta a kan me nake faɗan. Ina kewarka, maigida, kewa mai tsanani. Me Duwala ta fi mu da shi, in ba zafi da sauro ba? Wa ke dama maka fura a can, wa ya san ba ka son ta da kauri?

Ka ce in biyo ka. Wallahi da don ni kaɗai ce, da ko a kan buhunan Gali zan zauna in zo, in bi ka duk inda ƙasa ta ƙare. Amma ba na so in zama matar mutumin da ake jin muryarsa a ƙofar gidansu safe da yamma, shi kuwa ba ya iya shiga. Wannan ciwo ba zai bar ka ba ko ka cika duniya da fayafayai, ni kuwa da zan kwana kusa da kai ni zan riƙa jin nishinsa.

Na bar maka babban labari a ƙarshe, kamar tsokar miya. Yammacin da Garga ya sa faifan a kan daidai, Baba Alhaji na cikin auna wa wata mata yadi. Da muryarka ta tsallako titi sai ya tsaya da almakashi a buɗe, har matar ta ce Alhaji lafiya. Hamdalar nan dai ba a sake jin ta ba. Ya yi kwanaki yana shiga yana fita, abinci ma sai Hajja ta yi magana. Amma Garga ya lura da wani abu: duk sanda waƙar ƙarshe ta zo, wadda a cikinta ɗa ke tsaye a ƙofar gida yana sallama ba a amsa ba, sai Baba ya tashi ya shige ƙuryar shago wai yana neman wani yadi, ba ya fitowa sai ta ƙare, kuma bai taɓa fitowa da yadin ba.

Ranar Litinin bayan la'asar ya sa aka kira ni. Ka san tun da aka kawo ni gidan nan magana tsakanina da shi ba ta wuce ina kwana. Na ja mayafi na durƙusa daga bayan ƙofar zaure. Shi kuwa bango yake kallo, yana jan carbi. Can ya ce:

"Injin nan maƙaryaci ne. Rannan ya ce mace na haifa, yanzu ya ce namiji. Ki rubuta wa mijinki ya zo ya yi da bakinsa in ji. Ni ba na karɓar shaidar ƙarfe."

Hajja ce, da ke laɓe tana neman wata allurar, ta yi ƙarfin hali ta tambaya ko da jitar zai zo ko ba ita, tunda akwai rantsuwa a tsakani. Baba ya zura takalmi ya fita. Na ce a raina shi ke nan, rabin ƙofa aka buɗe mana, mu gode.

Washegari da ya buɗe shago, kafin ya sayar da ko ƙyalle, ya sauko da shadda daga saman kanta, mai kyau, wadda ba ya bari a taɓa da hannu mai gumi. Ya auna rigar mutum goma, ya yanka da kansa, ya tsallaka titi ya aza wa Garga a kan keke ya ce yana so kafin Juma'a. Ranar Juma'a bayan an sauko ya tsaya a ƙofar masallaci ya raba su ga miskinai, ɗaya bayan ɗaya, bai yi wa kowa bayani ba. Kai ka yi karatun allo, ba sai na gaya maka abin da ake tufatar da miskinai goma dominsa ba, amma zan gaya maka don daɗin faɗa: kaffarar rantsuwa ce. Ya warware ta tun kafin ka iso, don kada jitarka ta tarar da wani abu a bakin zaure.

Yau mutum goma na yawo a Birik da rigunan da aka ɗinka dominka, ba su ma sani ba. Tsoho ya yi nasa, ka kuwa san bai iya yin fiye da haka ba, ko za a yanka shi ba zai ce ka yi haƙuri ba. Tun ranar a zaure yake cin abincinsa, ya juya tabarmarsa tana fuskantar ƙofa, duk wanda ya yi sallama sai ya ɗago kai kafin ya amsa. Ka zo, masoyina, ka zo, tauraron asubata! Ka hau jirgin ƙasa na farko da ya samu, kada ka tsaya sayen tsaraba, kada ka tsaya guga. Kada ka bari ya ɗago kai sau da yawa.

Ni kuwa ina nan inda ka bar ni, taka ce jiya, taka ce yau, taka ce har ranar da za a sa ni a makara, ba canji ba musaya, ko duniya ta yaba maka ko ta yi maka dariya.

Matarka mai ƙaunarka,
Hansai